Sankarar Fata ta Melanoma: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya a Zancen Sabon Magani?

Saƙonni na yawo a WhatsApp cewa Turawa sun gano allurar da ke narkar da sankarar fata ko da ta bazu a jiki. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma an cakuɗa ta da ƙarya. Ga yadda lamarin yake ga mutanen Kafanchan da sauran kudancin Kaduna.

"Ciwon Turawa ne, ba ya kama baƙar fata." Ƙarya ne.
Melanoma ta fi yawa ga fararen fata, amma mu ma tana kama mu, galibi a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, kuma daga ɗan yatsan ƙafa ta faro. Manomin citta a Kachia ko Kwoi da ya ga baƙin tabo a dugadugi sai ya ɗauka ƙaya ce, ko ya ce asiri ya taka, har sai kaluluwa ta fito masa a matsematsi.

"Haɗa magunguna biyu na tsawaita rai." Gaskiya ne.
Garkuwar jiki tana da birki da ke hana ta afka wa jikin mai ita, sankara kuwa da wannan birkin take fakewa. Magungunan ipilimumab da nivolumab suna sakin birkin ta hanyoyi biyu daban. Binciken da ya haifar da wannan dabara ne ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a 2018. A gwajin CheckMate 067 mai majinyata 945, sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna kashi 43 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa magungunan suna raye bayan shekara 10, ga kashi 37 na masu nivolumab kaɗai, da kashi 19 na masu ipilimumab kaɗai. Kafin 2011, yawancin masu melanomar da ta bazu ba sa cika shekara.

"Kowa yake warkewa, kuma ba illa." Ƙarya ne.
Alƙaluman da kansu sun nuna fiye da rabi ba su kai shekara 10 ba. Sama da rabin masu haɗin kuma sun gamu da illa mai tsanani, irin su gudawa, kumburin hanta ko na huhu. Ƙari a kan haka, irin melanomar tafin ƙafa da ta fi damunmu ba ta jin maganin kamar wadda rana ke jawowa, kuma kusan duk waɗanda aka yi gwajin a kansu fararen fata ne.

"Maganin ƙara garkuwar jiki na kasuwa ma haka yake." Damfara ce.
Waɗannan magunguna ta jijiya ake ba da su a asibiti, likitan sankara na bibiyar gwajin jini, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Ba shayi ko ƙwayar da ke yin aikinsu.

"Daji ba ya son ƙarfe, in an yanka sai ya bazu." Ƙarya ne.
Tiyata da wuri ita ce ke warkar da mafi yawan melanomar da ba ta yi zurfi ba. Jinkiri ne ke ba ta damar bazuwa.

Jama'a, a riƙa duba tafin ƙafa, musamman na tsofaffinmu. Tabon da ke girma ko sauya launi, gyambon da ya ƙi warkewa, ko baƙin layi a farce da ke faɗaɗa, a kai shi babban asibitin da ke Kafanchan. Idan likita ya tura ku asibitin koyarwa na Shika ko na Jos don a ɗebi tsoka a auna, kada ku ɓata lokaci.