Maganaɗisu Ruwa-Biyu

Tarihi ya nuna cewa neman tama ne ya kai maƙeran Gaya, watau Abagayawa, Dutsen Dala. Jikokinsu sun san mayen ƙarfe, amma wanda masana ke ƙerawa yau waya ce nannaɗe da ake sakar wa lantarki, ana auna ƙarfinsa da tesla.

Iri biyu ne. Na jan ƙarfe ƙaƙƙarfa ne, sai dai ga zafi, ga shan wuta. Na biyun ya samo asali daga binciken Onnes a Holan a 1911: in aka sanyaya wasu ƙarafa matuƙa, lantarki kan ratsa su ba turjiya. Aibinsa, da ƙarfin ya wuce kima sai wannan baiwa ta gushe.

Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai aka cusa na farkon cikin na biyun. A 1999 Amurka ta kai tesla 45 a Tallahassee, a 2022 kuwa Sin ta kai 45.22 a Hefei.

Da irin wannan ƙarfi ake gwada halayen sababbin ƙarafa, ko a dace da wayar da za ta kai wuta har Ajingi ba tare da ta salwanta a hanya ba.