Me ya sa ƙara wuta ba ya sa waakye saurin nuna?

A Nima da Maamobi, masu sayar da waakye da koko kan ɗora tukunya tun da asuba, gawayi kuwa kuɗi ne. Idan ya kama, sinadarin kabon da ke cikinsa yana haɗuwa da iskar oksijin, sai zafi ya fito. Ƙa'idar farko a ilimin zafi ta ce makamashi ba ya ɓacewa, wuri ko kama kawai yake sauyawa. To ina zafin nan yake tafiya?

Accra tana bakin teku, don haka ruwa yana tafasa ne a digiri 100, kuma daga nan ba ya ƙara zafi ko an ƙara wuta. Lita ɗaya tana cin kilojul kusan 294 kafin ta tashi daga digiri 30 ta tafasa. Mayar da ita tururi kuwa sai an kashe kilojul 2,260, fiye da ninki bakwai. Wato mai fifita wuta bayan tukunya ta tafaso, gawayinta take aikawa sama, wake kuwa bai ma san ana yi ba. A rufe tukunya da murfi, a rage wuta, a bar ta tana tafasa a hankali.