Wayarka ta faɗa ruwa yau, daga wace rana za ka dawo?

Idan kana Anka, Gummi ko Bukkuyum a watan Satumban 2021, ba sai an ba ka labari ba. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda matsalar 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. To, duk wanda wayarsa ta lalace ko aka sace a tsakanin nan, abin da ya iya dawo da shi daga intanet bai wuce abin da ya hau kafin a kashe sabis ba. Hotunan suna, saƙon muryar abokin ciniki, lissafin bashi da aka ajiye a WhatsApp, duk wanda ya zo bayan nan ya tafi.

Wayar kuwa ba ta yi laifi ba. An ce mata ta riƙa yin bakof, ta kuma jira netwok, netwok bai zo ba.

Bari mu ɗauki mai shago. Ƙarshen wata yana rufe ƙofa ya ƙirga komai, daga buhun sukari har ashana. Wannan aiki ne mai cin lokaci, ba a yin sa kullum. Kowace rana kuma sai ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kawai. Haka manhajojin ajiye kwafi suke aiki a bankuna da asibitoci da jami'o'i. Akwai cikakken kwafi, wanda ke kwashe komai gaba ɗaya. Akwai kuma kwafin ƙari, wanda ke ɗaukar abin da ya canza tun kwafin da ya gabata kaɗai. Bacula, wata manhaja ta kyauta da ake amfani da ita wajen kwashe bayanan kwamfutoci da yawa ta netwok, tana zuwa da misalin jadawali: cikakken kwafi ranar Lahadin farko ta wata, kwafin ƙari daga Litinin zuwa Asabar, sauran Lahadodi kuma a tattara duk abin da ya canza tun cikakken. Duka da ƙarfe 11:05 na dare, lokacin da ma'aikata sun tashi kuma layi ya yi sauƙi.

Abin da ba a cika faɗa maka ba shi ne, kwafin ƙari sarƙa ne. Ranar dawo da kaya sai an ɗauko cikakken, a ɗora na Litinin, a ɗora na Talata, haka har zuwa jiya. Idan na Laraba ya lalace, na Alhamis da Juma'a sun zama shafukan littafin da aka yage tsakiyarsa. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa barin sarƙar ta yi tsawo, suna komawa su yi cikakke.

Kai ba ka da ɗakin kwamfutoci, amma lissafin ɗaya ne. A ce kana da gigabait 4 na hotuna da bidiyo. Hawan farko shi ne mai tsada, kuma shi ne wanda netwok ɗinmu ke yanke wa a tsakiya. Yi shi ranar da ka shiga Gusau ko Sakkwato, ko ka sayi datar dare mai rahusa ka jona waya a caji. Bayan nan Google Photos sababbin hotuna kawai yake ɗauka, abin da bai taka kara ya karya ba. A WhatsApp kuma kana iya zaɓar kullum, mako-mako ko wata-wata. Mutane da yawa na zaɓar wata-wata don tsoron data, ni kuwa ina ganin wannan tsimin banza ne. Wata-wata na nufin ka yarda ka rasa har kwana 30. Sa shi kullum, ka cire bidiyo daga ciki, don bidiyon guruf-guruf ne ke shanye data. Ka kuma duba ko an ba shi izinin amfani da datar waya, domin idan Wi-Fi kawai yake jira, zai daɗe yana jira a Bukkuyum.

Ga tarko biyu. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma tun 2024 bakof ɗin WhatsApp na Android cikin su yake ci, yana raba wuri da Gmail da hotuna. Idan ya cika, bakof ya tsaya, kai kana can kana tsammanin yana tafiya. Na biyu, WhatsApp na ƙarshe kawai yake riƙe maka a Google. Idan ka goge hira yau, aka yi bakof da dare, sabon ya hau kan tsohon.

Saboda haka intanet kaɗai bai isa ba, musamman a inda za a iya kashe shi wata uku. Sau ɗaya a wata, kwashe komai zuwa fulash ko katin memori. Ke mai sayar da atamfa da turare ta sitatus, lambobin kwastomominki da hotunan rasit su ne jarinki, su fara shiga. Kai mai shagon buga takardu da rajistar JAMB, cikakken kwafi duk Juma'a bayan an tashi, na ƙari duk yamma kafin a kashe janareta. Kuma kada fulash ɗin ya kwana a ɗaki ɗaya da kwamfutar. Wanda ya ga ambaliyar Gummi ta Agustan 2024 ya san ruwa ba ya tsallake durowa. Ka kai ɗaya gidan yayarka a wata unguwa.

Sai gwaji. Saka fulash ɗin a wata na'ura ka buɗe fayil biyu ko uku, ka ga ko suna buɗewa. Ka tabbatar ka san kalmar sirrin Gmail ɗinka da kanka, ba yaron shagon da ya buɗe maka ba, domin ranar dawo da WhatsApp sai da lambar nan taka da asusun nan na Google. Yanzu buɗe WhatsApp, shiga saiti, shiga wurin bakof na hira. Akwai kwanan wata a rubuce a wurin. Duba ka ga na yaushe ne.