Shamuwa da Farashin Masara a Yankara

Tambayi mutum uku a kasuwar Yankara da ke Faskari abin da ya sa buhun masara ya yi tashin gwauron zabo tsakanin 2023 da 2024, za ka ji amsa uku. Manomi zai ce 'yan bindiga ne suka hana shiga gonakin daji. Direba zai ce fetur ne, tunda an cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Dillali kuwa faɗuwar naira zai ɗora wa laifi.

Irin wannan gardamar ce masu digirin digirgir ke son rabawa da lissafi, ta hanyar bin alƙaluman da aka jera wata bayan wata. Gwajin Granger ya zama ruwan dare a kundayen tattalin arziki na jami'o'inmu, kuma dalilin a fili yake: Babban Banki da Hukumar Ƙididdiga sun zuba alƙaluma a intanet, manhaja irin EViews kuma tana gama aikin cikin mintoci. An ci riba, don yanzu sai da hujja ake magana.

Sai dai tambayar da Clive Granger, masanin Birtaniya da ya ci kyautar Nobel a 2003, ya yi a 1969 ƙarama ce: shin sanin tarihin abu ɗaya yana taimakawa wajen hasashen wani? Shamuwa takan iso kafin ruwan fari, kuma duk mai lura zai iya hasashen damina da zuwanta, amma ba ita ke kawo ruwan ba. A Faskari da Sabuwa, da kaka ne 'yan bindiga kan matsa wa ƙauyuka da haraji kafin su bari a girbe, da kaka ne kuma hatsi ke araha. Ɗalibin da bai cire tasirin kaka ba, lissafinsa na iya nuna masa cewa hari yana karya farashi.

Abin da ya fi damuna shi ne giɓin labarai na 2021. A ƙarshen Agusta gwamnatin jiha ta Gwamna Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a Satumba kuma aka katse layukan waya. Watannin da wuta ta fi ruruwa su ne labarinsu ya fi ƙarancin fita. Wanda ya ƙirga hare-hare daga jaridu zai ga kamar an samu sauƙi, ya wanke rashin tsaro, ya jibga wa dala komai. In gwamnati ta gina manufa a kan wannan, manomin Yankara ne zai kwana a ciki.

Farashin abincin da Hukumar Ƙididdiga ke fitarwa ma na jiha ne dunƙule, Daura da Faskari a kwano ɗaya. Na Yankara, mako bayan mako, yana cikin littattafan dillalai da kawunan 'yan awo da direbobin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kuma can ya kamata ɗalibi ya shafe wata shida da alƙalami kafin ya kunna kwamfuta.