Robar Fitsari ga Dattijo Mai Cutar Parkinson: Gaskiya ko Jita-jita?

Ƙarfe biyu na dare Baba ya ƙwala kira. Kafin autarsa ta lalubo fitila ya riga ya zuro ƙafafu ƙasa, amma sun ƙi ɗaguwa, kamar an liƙe su da daɓe. Taku goma ne tsakaninsa da banɗaki, bai kai ba. Karo na uku ke nan a daren. Da gari ya waye, tana cikin shanya zanin gado, ta buga wa babban wansu waya.

"Yaya, don Allah a sa wa Baba robar fitsari kowa ya huta. Wallahi ba na barci."

"Ke dai bari," in ji shi. "Wanda aka sa wa roba ai sai dai addu'a."

Kowannensu akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kuma kowanne ya tafka kuskure.

"Tunda fitsari na kufce masa, roba ce magani." Wannan ce jita-jitar da ta fi yawo, ita ce kuma ta fi ɓarna. Cutar da likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817 an fi saninta da karkarwar hannu da nauyin jiki, amma ba ta bar mafitsara ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamin ne ke mutuwa, shi kuwa sinadarin yana cikin masu ce wa mafitsara ta dakata tukuna. Da ya yi ƙaranci sai ta zama mai gajen haƙuri, ta riƙa matsawa tun ba ta cika ba. Ga matsuwa, ga ƙafar da ba ta sauri. Yawancin masu cutar ke nan: fitsarin yana fita sarai, lokaci ne ba ya ba su.

Ita kuwa robar da ake bari a jiki, babban aikinta shi ne fitar da fitsarin da ya ƙi fita. Haka na faruwa idan furostet ɗin dattijo ya kumbura ya toshe hanya, ko bahaya ya taurare ya danne mafitsara, ko kuma magani ya jawo. Artane, wanda ake bayarwa saboda karkarwa, ya shahara da riƙe fitsari da rikita tsofaffi. Abin ruɗarwar shi ne mafitsarar da ta cika maƙil ita ma tana ɗiga, kamar tulun da ya tumbatsa. Daga waje jiƙewa ɗaya ce, amma maganin ya sha bamban. Abin da zai raba gardama bai fi minti biyar ba: Baba ya yi fitsari, nan take a yi masa sikanin mara a ga nawa ya rage. Duk shawarar da aka yanke kafin wannan awo lalube ne a cikin duhu.

"Roba ta fi tsabta, ba wari, ba wanki." A ido haka ne. A cikin jiki kuwa labari ya sha bamban. Robar hanya ce da aka share wa ƙwayoyin cuta har cikin mafitsara, kuma kowace rana haɗarin shigarsu yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari. Kafin a cika wata guda kusan duk mai ita yana ɗauke da su. Ga mai Parkinson abin ya fi muni, domin cutar mafitsara takan zo masa ta ɓarauniyar hanya: jikin da jiya yake tafiya yau ya ƙage, ya soma sambatu, yana ganin mutanen da babu su. A wasu gidajen nan take za a ce iska ce ko jifa, a tafi neman hayaƙi, alhali zazzaɓi ne ke cinsa.

Sai dai kuma kada a zarce gona da iri. Don fitsarin cikin jakar da ke haɗe da robar ya yi duhu ko ya yi zarni, ba dalili ne na rugawa kemis sayo kafso ba. Idan babu zazzaɓi, babu ciwon mara ko kwiɓi, babu sabon rikicewa, likitoci ba sa ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yawan shansa ba gaira ba dalili horar da ƙwayoyin yake yi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi ci.

"Roba ai iri ɗaya ce." Ko kusa. Wadda aka fi gani a asibitocinmu ita ce ta Foley, mai sunan likitan Amurka Frederic Foley da ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930. A bakinta akwai ɗan balan-balan da ake cikawa da ruwa, yawanci mililita 10, shi ke riƙe ta a ciki. Ku riƙe wannan a rai, domin dattijon da ya rikice da dare yakan fizge ta da balan-balan ɗin a cike, ya yaga hanyar fitsari, a wayi gari katifa jina-jina.

Akwai wadda ake zurawa a zubar da fitsarin a cire, sau huɗu zuwa shida a rana. Jack Lapides na Jami'ar Michigan ya nuna a 1972 cewa hannu wankakke da sabulu ya wadatar, ba sai an tanadi kayan ɗakin tiyata ba. Ga wanda fitsari ke taruwa masa ita likitoci suka fi so. Amma a nan Parkinson ke sa ƙafa: hannun da ba ya iya ɓalle maɓallin riga ba zai iya wannan aiki ba. Wani ne zai yi masa, kuma a gidan Bahaushe tambayar ko wane ne ba ƙarama ba ce. Ɗa namiji ga uba, 'ya mace ga uwa, ko matar gida idan tana da sauran ƙarfi. A zauna a faɗi sunan mutumin tun kafin a bar asibiti, kada a bar wa kunya ta yanke hukunci.

Akwai ta mara, wadda ake huda ƙasan cibiya a shigar kai tsaye. Jin ta ya fi ganinta ban tsoro, kuma ga wanda zai daɗe da roba takan fi sauƙin canji, tana kuma hutar da hanyar fitsari. Sai ta waje, mai kama da kwaroron roba, da ake sa wa namiji da dare a haɗa da jaka. Ba ta shiga jiki, saboda haka ta dace da irin matsalar Baba, muddin awo ya nuna ba ya tara fitsari. A cire ta kullum a wanke fata a duba ko ta saɓule.

"A rage masa ruwa." Wannan dabara ce mai cin mai ita. Masu Parkinson dama suna fama da taurin bahaya da jiri idan sun miƙe tsaye, ƙishirwa kuwa ƙara su take yi, balle a zafin bazara. Ya sha ruwansa da rana, a sassauta bayan magariba. Abin da ya kamata a rage shi ne shayin dare da goro, ko da yake raba dattijo da goro sai an shirya. A ajiye masa gwangwanin fitsari inda hannunsa zai kai, a bar fitila a kunne, a ɗinka masa wando mai roba maimakon mai mazagi. Akwai magungunan lallashin mafitsara, amma oxybutynin na iya ƙara wa tsoho ruɗewa, don haka a tambayi likita ko mirabegron zai fi dacewa.

"Mai roba ba shi da salla." Dattawa da yawa wannan ne ainihin abin da ke hana su yarda, ko da ba su furta ba. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan mai ɗigon fitsarin da ba ya yankewa: lalura ce, ba ta warware masa alwala, an dai so ya sabunta ta ga kowace salla. A kira limamin unguwa ya faɗa masa da bakinsa, zai fi ji daga gare shi.

Saura maganar Yaya, cewa roba sallama ce. Ba haka ba ne. Sau da yawa ta 'yan kwanaki ce, a cire idan dalilin ya gushe. Wani lokaci kuma ita ce rahama: tsohon da ya kwanta ba ya tashi, gyambon kwanciya ya ɓullo a ɗuwawu, fitsari na jiƙa shi dare da rana. Idan aka kai nan, jaka ta zauna ƙasa da mara amma kada ta taɓa ƙasa, kada bututun ya lanƙwashe, a wanke hannu kafin a juye ta. Ta siliko tana iya kai mako 12, ta roba zalla ba ta daɗewa haka, don haka a rubuta ranar canji a jikin kalanda. Idan fitsari na tsiyayowa ta gefe, kada a ce a sa mai kauri. A duba ko ta toshe, ko kwana nawa rabonsa da bahaya. Idan kuwa awanni suka wuce jaka ba ko ɗigo, mara ta kumbura, a nemi mota a daren, ba sai an jira Yaya ya ɗaga waya ba.