Ciwon Ciki Mai Tsanani a Jikin Yara: Dalilai da Hanyoyin Ganewa

Ciwon ciki mai tsanani shi ne wanda kan taso wa yaro farat ɗaya, ya hana shi wasa da ci da barci. Shi kansa ba cuta ba ce, alama ce ta wata cutar, don haka gano tushensa shi ne matakin farko na magani.

Daga cikin abubuwan da kan haddasa shi akwai tsutsar ciki, da taifot, da taurin bayan gida, da sikila. Akwai kuma waɗanda sai an yi tiyata, kamar afendis da toshewar hanji. Ciwon afendis kan faro daga cibiya, sannan ya gangara ƙasan ciki ta ɓangaren dama.

A yammacin Jihar Zamfara akwai wani dalili na musamman, wato gubar dalma. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, suna ɗauke da dalma. Yara kan haɗiyi ƙurar yayin wasa a ƙasa, sai ciwon ciki da amai da jijjiga su biyo baya. Kimanin yara 400 suka rasu. Da farko an yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, sai gwajin jini ya bayyana gaskiya.

Wajen ganewa, likita kan tambayi lokacin da ciwon ya fara, da inda yake, da abin da yaron ya ci, da sana'ar mutanen gida. Daga nan sai ya latsa cikin, ya sa a gwada jini da fitsari da bayan gida, wani lokaci har da hoton ciki.

Malamin da aka tura Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya kamata ya san alamomin haɗari: amai kore, kumburin ciki, jini a bayan gida, da jijjiga. Idan ya ga ɗaya daga ciki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ya sanar da iyaye, a garzaya da yaron asibiti.