Hanyoyin Gaggauta Sadarwa Tsakanin Rassan Kamfani Da Rumbunan Bayanai

Kamfanoni da dama a yau suna ajiye lissafinsu a manyan kwamfutocin haya da ke nesa, waɗanda ake kira "girgije". Saboda haka kamfanin da ke da sito a Yangoji, cikin Ƙaramar Hukumar Kwali, kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, ya dogara ne kacokan ga layin sadarwa. In layin ya yi nawa, sai rasit ya maƙale, mota ta kwana ba a yi mata lodi ba.

Abubuwa biyu ne ke haddasa wannan jinkiri, watau nisa da cunkoso. Saƙo yana gudun kimanin kilomita 200,000 cikin daƙiƙa a wayar gilashi, amma ciniki guda kan bukaci saƙo ya kai ya komo sau da yawa. Don haka rumbun da ke Ikko ya fi na Turai saurin amsawa. Kamfanin Microsoft ya buɗe rumbunansa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi sahu a 2020, sa'an nan ya buɗe ƙaramin reshe a Ikko a 2023.

Maganin cunkoso kuwa shi ne layi na ƙashin kai. Maimakon bayanan kamfani su cuɗanya da na jama'a a intanet, sai a yi hayar layi daga reshe zuwa cibiyar bayanai, daga nan a haɗa shi kai tsaye da girgijen. Amazon na kiran wannan tsari Direct Connect, Microsoft kuma ExpressRoute. Kuɗinsa ya fi yawa, amma saurinsa ba ya hawa da sauka.

Sai dai layi ɗaya ba abin dogaro ba ne. Ran 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, ciki har da MainOne da WACS, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkokin wasu bankunan Nijeriya suka tsaya. A cikin gida ma, masu aikin hanya sukan tsinke wayoyin da aka binne.

Kafin a sa hannu a kwangila, ya kamata mai kamfani ya nemi layi biyu da ba su bi rami ɗaya ba, a kuma rubuta masa saurin layin, da lokacin gyara, da diyyar da za a biya in an saɓa alkawari.